Ranar da Kyaftin Saturnino Ya Kawo Baƙi Teku

Yayana Saturnino ya bar ƙauyenmu tun yana saurayi, kuma duk wanda ya manyanta a bakin tekun Samana ya san dalili. Ubanmu masunci ne, kakanmu masunci, har karen gidanmu kan shiga kwalekwale ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa. Shi kuwa Saturnino, da ƙafarsa ta taɓa katakon jirgi, ko da jirgin yana ɗaure a gaɓa, sai fuskarsa ta koma launin ɗanyar gwanda. Ba ya bin Baba kamun kifi sai da bokiti a tsakanin gwiwoyinsa. Shi ya sa tsofaffin garinmu ba su san wani Saturnino ba, Bokiti suka sani.

Da Baba ya gaji, sai ya tura shi wurin kawunmu can cikin duwatsu, garin manoman kabeji da tafarnuwa, inda ruwa mafi girma da mutane suka taɓa gani shi ne na tankin coci. A can ya koyi aski, ya buɗe shago, ya yi tumbi, gashin bakinsa ya yi furfura. A can ne kuma, ba da saninmu ba, ya zama kyaftin.

Ashe shekara da shekaru yana yi wa mutane aski yana cika musu kunne da labarin teku. Ya tuƙa jirgi cikin guguwa da hannu ɗaya. Ya mari kifi mai cin mutane har kifin ya ba shi haƙuri. Bayena kuwa, manyan kifayen nan masu girman tirela da ke shigowa wurinmu haihuwa lokacin sanyi, ya ce sun san muryarsa, da ya yi fito suke tasowa.

Da ƙaryar ta tsaya a shago, da ba wanda ta dama. Amma akwai Doña Fidelina, mai gidan burodi, wadda mijinta ya rasu, wadda Yaya ya daɗe yana sayen burodin da ba ya ci saboda ita. Wata rana bayan an tashi daga coci ta ce, a gaban jama'a, ita dai kafin ta mutu tana so ta ga bayena da idonta. Yaya ya buga ƙirji ya ce ba gani kaɗai ba, in tana so ma sai ta shafa kansa. Ya ce kowa ya shirya, shi zai kai unguwar gaba ɗaya teku. A ransa kuma ya ƙudura cewa a tsakiyar ruwa, bayena na tsalle a bayansa, zai nemi aurenta.

Ni duk ban san wannan ba sai daga baya. Ina rumfata ranar wata Lahadi ina soya kifi da agade, mijina Isidoro yana bakin ruwa yana duba injin kwalekwalensa, sai ga wata tsohuwar bas ta tsaya, kiɗa na tashi kamar zai tsaga ta. Wanda ya fara saukowa farin wando ne a jikinsa, da farar riga mai maɓallai masu ƙyalli, da hular sojan ruwa, ga madubin hangen nesa da usur rataye a wuya.

Na saki cokali a cikin mai. "Yaya?"

Ya rungume ni kamar mai kewata, ya sa baki a kunnena. "Amantina, don darajar kabarin Mama, yau ɗaya tak. Ki kira ni Kyaftin."

"Kyaftin ɗin me? Almakashi?"

"Rage murya! Kin ga waccan mai shuɗiyar riga? Aurenta zan yi. Ki rufa min asiri."

Na dubi matar. Mai kamala ce, mai fara'a, ta tsaya tana kallon teku hannu a ƙirji kamar ta shiga coci. Na ji tausayinta tun daga lokacin. Amma ɗan'uwa ɗan'uwa ne, na ce to.

Ni na yarda, amma ba wanda ya nemi yardar tsoho Melanio, da ke zaune ƙarƙashin bishiya yana ɗinkin koma. Ya ɗaga kai, ya kare ido da tafin hannu, ya washe dasashi.

"Kai! Wa nake gani kamar Bokiti? Bokiti! Kai ne ka dawo?"

Direban motar, wani siriri mai suna Plinio, mai tsinken sakace a baki da idon mutumin da ya gaji da jin labari, ya matso. "Kyaftin, me ya sa yake ce maka Bokiti?"

Yaya ko ƙifta ido bai yi ba. "Kirari ne. Wata shekara guguwa ta huda mana jirgi, kowa ya zube yana addu'a, ni kaɗai da bokiti ɗaya na yi ta aiki har muka iso gaɓa."

"Gaskiya ne," in ji Melanio. "Ni shaida ne. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya kai shi cika bokiti ba."

Doña Fidelina ta dubi Yaya da sha'awa. Masuntan da ke wurin kuwa kowa ya juya baya, kafaɗunsu na rawa.

Baƙi suka fara sauke kaya: tabarmi, kujeru, babbar tukunyar shinkafa da wake, soyayyun kaji, da buhun kabeji da suka kawo min tsaraba. Na ce su hau nan sama kusa da rumfata, akwai inuwa. Yaya ya busa usur.

"Can wurin matsorata ne. Wanda ya zo teku, bakin teku yake zama. Ku biyo ni!"

"Ya... Kyaftin," na ce, "ruwa zai ciko fa."

Ya lashi yatsa, ya ɗaga shi sama, ya lumshe ido. "Ja da baya yake. Ba zai dawo ba sai rana ta faɗi. Ke ki ji da kaskonki."

Suka shimfiɗa tabarmi a kan jiƙaƙƙen yashi, suka jera takalmansu a gaba kamar a shago, suka kafa tukunya a tsakiya. Yaya ya tara su zai koya musu halin dabbobin ruwa. Ya hango wata ƙaguwa tana wucewa da harkarta, ya durƙusa ya cafke ta.

"Ku duba da kyau. Akwai yadda ake riƙe ta. Wanda bai sani ba sai ta..."

Ta kama masa babban yatsa. Na ga wuyansa ya kumbura, hawaye ya taru a idonsa, amma murmushin bai bar fuskarsa ba.

"Ba ta cije ka ba, Kyaftin?" in ji Doña Fidelina.

"Da gangan na ba ta," ya ce da wata 'yar siririyar murya. "Haka ake gane mai lafiya. Wannan lafiyarta ƙalau."

Ƙaguwar ta ƙara matsawa. Nan fa ilmi ya ƙare. Ya kwarma ihu ya yarfa hannu, ƙaguwa ta tashi sama ta sauka a cikin gashin wata dattijuwa shugabar mawaƙan coci. Matar ta saki wata murya da na tabbata ba ta taɓa kai ta a waƙa ba, ta zuba a guje, mutum uku na bin ta da tawul.

Suna cikin wannan ne ruwan da aka ce ya tafi ya dawo. Igiyar ruwa ɗaya ta zo ta lashe tabarmi, ta biyu ta ɗaga tukunya ta juya ta, ta uku ta kwashe takalma. Mata suka tattare siket suna bin silifa, maza suna kamun kujeru, cinyoyin kaji na yawo a kan ruwa, tsuntsayen teku suka sauko kamar an aika musu goron gayyata.

Plinio ya tsaya da takalmi ƙafa ɗaya a hannu. "Kyaftin, ba kai ka ce ja da baya yake ba?"

"Ya gane ni ne," in ji Yaya yana tsotsar yatsa. "Gaisuwa ya zo yi."

"To tun da kun saba, ka ce masa ya dawo min da ɗaya ƙafar."

Ranar na sayar da kifin da ban taɓa sayarwa ba, don dole kowa ya dawo rumfata da yunwarsa. Suna ci suna gunaguni. Yaya ya ga kasuwarsa na neman faɗuwa, sai ya sake busa usur ya ce kowa ya taso, zai kai su kan gadar katako su ga abin mamaki. Na bar kasko a hannun maƙwabciyata na bi su, don na san ba za a rasa abin kallo ba.

Ya yi ta leƙa ruwa ta madubinsa, ba komai sai ciyawa da wata tsohuwar taya. Can sai ya daskare, ya ɗaga hannu.

"Shiru! Kada wanda ya yi motsi. Allah ya kashe ya ba ku. Ayu!"

Kusa da ƙafar gadar akwai wani abu babba, mai faɗi, ja-ja haka, yana lilo a saman ruwa a hankali. Mutanen dutse suka yi cirko-cirko, wayoyi suka fito.

"Tsohon namiji ne," in ji Yaya cikin raɗa mai ƙarfi. "Ku dubi kitsen bayansa. Na san shi tun yana ɗan jariri, ni na cire shi daga koma. Dabba ce mai sanyin hali, amma ba ta da wayo ko kaɗan. Ganye take ci. A kawo kabeji!"

Aka ruga aka ɗauko. Ya ɓare ganye ya jefa, ayu bai kula ba. Ya ce tsufa ne, ba ya gani sosai. Sai ya ɗauki ƙullin kabeji guda, ya auna, ya sake shi da ƙarfi. Ya sauka tim a tsakiyar bayan dabbar.

Ayu ya ɗago kai. Yana da gilashin ninkaya a fuska, da bututu a baki, da gemu. Wani ƙaton Bature ne da rana ta gasa wa baya, ya kwanta rub da ciki yana kallon kifayensa. Ya tofar da bututun, ya buɗe baki, ya yi ta zuba magana da harshensu. Ba mu ji ko kalma ɗaya ba, amma ba wanda bai gane ba.

"Me yake cewa, Kyaftin?" in ji Doña Fidelina. "Ai ka ce kana jin harsuna bakwai."

"Yana... yana yi muku barka da zuwa."

Baturen ya lalubo kabejin, ya miƙe a ruwa, ya maido shi. Ya sami Yaya a goshi, hula ta yi gefe.

"Ikon Allah," in ji Plinio. "Tsoho, ba ya gani sosai, amma ga saiti."

Wannan karon dariyar ba ta masunta kaɗai ba ce. Har shugabar mawaƙa, da ɗaurin tawul a kai, sai da ta riƙe ciki. Doña Fidelina ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko hular ta kaɗe ta miƙa masa.

"Kowa yana kuskure," ta ce a hankali. "Ni dai, Kyaftin, bayena na zo gani."

Na ga yadda maganar ta shige shi. Da mai hankali ne, a nan zai kama hannunta ya faɗa mata gaskiya, kuma na rantse da ta yafe masa. Amma sai ya gyara hula, ya tura tumbi gaba, ya nufi wurin mijina.

Ya ja Isidoro gefe, ni ma na matsa. "Suruki, taimakona za ka yi. Ka kai mu, amma ni zan riƙe inji. Kai ka zauna a ƙasa kamar yaron jirgi, ka riƙa gaya min a ɓoye."

Isidoro ba mai yawan magana ba ne. Ya dube shi daga hula har takalmi. "Suruki, kwalekwalen nan shi ke ciyar da ƙanwarka. Ko keken ɗinki ba zan ba ka ka tuƙa ba. Ka tsaya a gaba ka yi ta nuni da yatsa, wannan na yarda."

"Nuni kawai?"

"Nuni kawai. Kuma ka taho da leda."

Isidoro ya ce a jira shi, zai je ya ɗauko mai da sauran rigunan ceto, don guda ɗaya ce kawai a cikin jirgin. Bai ko kai ga ɗakin ajiya ba Yaya ya busa usur. Ya shigar da Doña Fidelina, ya ɗaura mata rigar ceton da hannunsa, ya shigar da Plinio da shugabar mawaƙa da wasu 'yan kaɗan.

"Ba za mu jira mai jirgin ba?" in ji Plinio.

"Mai jirgi? Wancan? Yarona ne, wanke min jirgi yake yi."

Na koma rumfa ina juya kifi, sai na ji ƙarar inji. Duk shekarun nan injin nan sai Isidoro ya lallashe shi kamar amarya kafin ya tashi, amma ranar, don rashin sa'a, ja ɗaya Yaya ya yi masa ya kama. Na fito da cokali a hannu ina ihu. Isidoro ya yar da jarka ya sheƙo a guje.

Kwalekwale ya zabura. Sai dai ba wanda ya ɗaga anga, ƙarfen nan da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa. Da igiyar angar ta miƙe, jirgin ya fizgu, ya karkace, ya fara zagaye wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce, a gaban duk wanda ke bakin ruwa a ranar Lahadi. Masu wasan domino suka bar tebur. Mai sayar da kwakwa ya hau kan kekensa don ya gani da kyau. Duk zagaye muna jin muryoyinsu sun matso, sun yi nisa.

"Kyaftin, rumfar ƙanwarka ce na sake gani!" in ji Plinio.

"Gaisuwar ban girma ce! Haka sojan ruwa ke yi kafin su tashi!"

"To mun gaisa! Ya isa!"

Tsoho Melanio ya rarrafo har bakin ruwa, ya haɗa tafin hannu a baki. "Bokiti! Anga! Ka ɗaga anga!"

Yaya ya ɗaga masa hannu kamar mai karɓar gaisuwa.

Igiyar ce ta gaji ta tsinke. Jirgin ya fita kamar an harba shi. Ya bi ta tsakiyar wasu samari da 'yan mata da ke tuƙa ƙananan kwalekwalen roba, suka watse kamar kaji. Ya ja komar wasu masunta ya tafi da ita a wutsiya. Wasu manyan tsuntsaye, kwasakwasai, da ke hutawa a kan ruwa suka tashi suna barin masa shaida a kan farar riga. Sannan ya miƙe sak ya nufi duwatsun da ke bakin mashigi.

A nan dariya ta ɗauke. Isidoro ya tsaya cikin ruwa har ƙugu, hannu biyu a ka. Ni kuwa ban san lokacin da na durƙusa a yashi ina kiran Budurwa Maryamu ba. Ga rayukan mutane, ga jirgin da muka yi rabin rayuwarmu muna tarawa.

Abin da ya cece su shi ne man da Isidoro bai kai ga zubawa ba. Inji ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Jirgin ya yi ta sulalewa a hankali, ya kauce wa duwatsu, ya je ya daki tudun yashin nan da ke tsakiyar ruwa inda mata ke tsintar ƙumba, ya tsaya cak. Ba nisa, muna ganinsu muna jinsu.

Jirgi ya ɗan yi lilo hagu, ya yi dama. Yaya ya miƙe tsaye zai yi jawabi, ya buɗe baki, sai launin ɗanyar gwandar nan da na sani tun muna yara ya hau fuskarsa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, bai ga abin da yake nema ba. Ya cire hular kyaftin ya kifa fuska a ciki.

"Wannan ma al'adar sojan ruwa ce?" in ji Plinio.

Kafin ya samu bakin amsawa, wata igiyar ruwa ta bugi gefen jirgin ta watso ruwa ciki. Ɗan ruwa ne, bai fi a wanke ƙafa ba. Amma da Yaya ya ji sanyi a idon sawunsa, sai duk abin da ya rage masa na hankali ya tashi.

"Mun nutse! Jirgi ya fashe! Mun mutu!"

Ya waiga, idonsa ya sauka kan rigar ceto. Rigar tana jikin Doña Fidelina. Duk bakin ruwa muna kallo ya kama ta, ya kwance igiyar da shi ya ɗaura, ya fizge rigar ta kanta har ɗan kunnenta ya faɗi, ya rungume rigar a ƙirji, ya rufe ido ya faɗa ruwa.

Abin da ya biyo baya ba a taɓa jin irinsa a Samana ba. Yana birgima yana dukan ruwa da hannu da ƙafa, yana haɗiya yana tofarwa.

"Ku cece ni! Ban iya ruwa ba! Ban taɓa iyawa ba! Ni mai aski ne! Amantina! Ki gaya musu ni mai aski ne!"

Matan da ke tsintar ƙumba suna tsaye kusa da shi, kwanduna a ƙugu, suna kallonsa. Babbarsu ta sunkuya ta taɓa kafaɗarsa.

"Bawan Allah, ka miƙe tsaye mana."

"Ina nutsewa!"

"Na ji. Ka miƙe tsaye tukuna."

Ya miƙe. Ruwan bai rufe gwiwarsa ba.

Ban san yadda zan kwatanta ihun da ya tashi daga gaɓa ba. Mai kwakwa ya faɗo daga kan kekensa. Tsoho Melanio sai da aka yi masa fifita. Baturen nan ma yana kan gada yana tafi.

Doña Fidelina ta miƙe a cikin jirgin. Ta cire takalmanta, ta riƙe su a hannu ɗaya, ta tattare shuɗiyar rigarta da ɗayan, ta sauka daga jirgin da kanta. Ta wuce ta gabansa ba ta ko dube shi ba, ta tako ruwa a hankali har gaɓa, ta zo ta tsaya gaban mijina.

"Don Isidoro," ta kira shi da lakabin girmamawa, "in jirginka bai lalace ba, har yanzu ina so in ga abin da na zo gani."

Jirgin bai yi komai ba sai ɗan ƙwarzane. Isidoro ya zuba mai, ya raba wa kowa riga, ya kwashe su. Yaya kuwa na kawo shi bayan rumfa, na tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, na naɗe shi da zanen teburina mai hoton abarba. Ya zauna a kan akwatin lemo, ba ya ko ɗaga kai.

Rana ta karkata suka dawo, kowa na magana lokaci ɗaya. Sun ga uwa da ɗanta. Uwar ta taso gaba ɗayanta daga ruwa ta faɗi har sai da ta jiƙa su. Shugabar mawaƙa ta rera waƙar yabo a tsakiyar teku, Plinio ya haɗiye tsinkensa. Doña Fidelina idonta ya yi ja don kuka, fuskarta kuwa kamar ta yarinya.

Da suka fara loda kaya, sai ta zagayo bayan rumfa. Yaya ya yi wuf ya miƙe, yana riƙe da zanen abarban a ƙirji.

"Doña Fidelina, bari in yi miki bayani. A dokar teku, in jirgi ya yi nauyi, kyaftin ne ke fara..."

"Don Saturnino, zauna."

Ya zauna.

"Tun tuni na san ba ka taɓa tuƙa jirgi ba. Mutumin da ke riƙe bango in zai tsallake kwata? Duk unguwa ma an sani, daɗin labarin muke ji. Matsoraci zan iya aurensa, marigayi mijina kan tebur yake hawa in ya ga kyankyaso. Maƙaryaci ma zan iya, in ba haka ba wa zan aura a garin nan? Na zo yau da amsata a shirye, kuma ba a'a ba ce." Ta taɓa kunnenta inda ɗan kunnen ya fita. "Amma ka cire min rigar, Don Saturnino. Da hannunka."

Yaya ya sunkuyar da kai.

Ta gode min, ta sayi kifi na hanya, ta je ta shiga mota. Kujerar gaba, kusa da direba, wadda Yaya ya zo a kai, ita ta hau. Plinio ya leƙo ta taga, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

"Kyaftin, mota ta yi nauyi! A dokar hanya, kyaftin ne ke fara sauka. Ka biyo mu ta ruwa!"

Kiɗa ya tashi, mota ta tafi ta bar mu da hayaƙi.

Aka bar ni da Yaya. Na tura masa kwandon agade da wuƙa, na ce tun da yana nan sai ya ci abincinsa da guminsa. Ya ɓare ɗaya, ya ɓare biyu, yana jan hanci. Har na fara jin tausayinsa.

"Amantina," ya ce can, "kin lura da abin da ya faru kuwa?"

"Duk Samana ta lura."

"Kishi ne. Mace ba ta iya raba namiji da teku."

Ina neman abin da zan jefe shi da shi, sai ga wasu baƙi mata da miji sun tsaya a bakin rumfa, da jakunkuna a baya, suna tambaya ko akwai wanda ya san ruwan nan sosai, da zai kai su ganin bayena gobe. Na ji akwatin lemo ya yi ƙara a bayana. Na waiga, ga shi ya miƙe, ya yafa zanen tebur a kafaɗa kamar alkyabba, yana murza gashin baki, ya riga ya ja numfashi.

Na ɗaga cokalin suya, mai na ɗiga.

"Yaya, ko ka koma kan agaden nan, ko in gaya musu sunanka."

Ya dubi cokalin, ya dubi baƙin, ya koma ya zauna a hankali ya ɗauki wuƙa.

"Yau ina hutu," ya ce musu. "Amma ku nemi yarona, Isidoro. Ni na koya masa."